Kwano Ko Kwalta? Yadda Muka Yi Rufi Biyu A Shekara Ɗaya



'Yar'uwa, idan kina kallon finafinan Amurka ko hotunan gidajensu a waya, na san idonki ya taɓa sauka a kan rufin nan nasu mai launin toka ko ruwan ƙasa, wanda aka jera falle-falle kamar ɓawon kifi. Ba ya ƙyalli, ba ya tsatsa, ya kwanta lumui gwanin sha'awa. Ƙawayena na gida sun sha tambayata wane irin kwano ne wannan, nawa ake sayar da bandir ɗinsa. To ba kwano ba ne, kwalta ce. E, 'yar'uwar wadda ake malalawa a titi.

Shekarata 15 ke nan a jihar Teksas, a wata unguwa da ke gefen birnin Dalas, ni da maigida da yaranmu uku. Bara ƙanƙara ta tilasta mana sake rufin gidan da muke ciki, kuma a daidai wannan lokacin ne ginin da muke ta lallaɓawa a Kano ya kai matakin rufi. Rufi biyu ke nan a shekara ɗaya, a ƙasashe biyu, daga aljihu ɗaya. An saba ɗaukar zancen rufi a matsayin na maza, su da kafinta su ƙare magana a ƙofar gida. Amma ki tambayi kanki, wa yake tashi cikin dare yana jera bokiti da roba idan ɗaki na yoyo? Wa take kwana tana yi wa yaro fifita idan ɗaki ya ɗauki zafi? Kuma adashin wa ake taɓawa idan kuɗin ya gaza? Shi ya sa na tsoma baki a namu tun daga farko, shi ya sa kuma nake so ki tsoma a naku.

Bari na fara da ita kwaltar, tun da ita ce baƙuwa a wurinmu. Sunan abin a nan shingil. Kowane falle kamar tabarma ce siririya da aka saƙa da zaren gilashi, aka jiƙa ta da kwalta don kada ruwa ya ratsa, sannan aka barbaɗa mata 'yan mitsi-mitsin tsakuwa a sama. Tsakuwar nan ita ce ke ba da launi, ita ce kuma ke kare kwaltar daga rana. Ba a kan sandunan katako ake buga shi ba kamar yadda muke yi wa kwano. Sai an fara shimfiɗe saman gidan gaba ɗaya da falankin katako, a sa wata shimfiɗa mai hana ruwa, sannan a bi ana jera fallen daga ƙasa zuwa sama, kowanne da ƙusa 4, ko 6 a inda iska take da ƙarfi. A bayan kowane falle akwai layin danƙo wanda zafin rana ke narkarwa ya manne shi da na ƙarƙashinsa. A Amurka aka ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, ana danganta shi da wani mai sana'ar rufi a jihar Mishigan a 1903, kuma a yau shi ne a kan mafi yawan gidajen ƙasar. Dalilin ba wani mai nisa ba ne: yana da araha, masu aikinsa suna ko'ina, kuma a kwana ɗaya ko biyu za su yaye tsohon su ɗora sabo.

Abin da zai ba ki dariya shi ne matsayin kwano a nan. Mu da muka tashi a ƙarƙashinsa mun san shi da zafi, da ƙarar ruwan sama da ba a jin magana, da tsatsa, da duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake dannewa don kada iska ta kwashe. Da yawanmu burinmu mu yi kuɗi mu rabu da shi. A nan kuwa, idan kika ga gida da rufin ƙarfe irin mai kyau, to mai gidan ya ji kuɗi. Abin da muke gudu a can, shi ne ake tinƙaho da shi a nan. Sai dai gaskiya ba irin langa-langar da muka sani ba ce. Ƙarfe ne mai kauri da aka lulluɓe da gaurayen alminiyam da zinki don hana tsatsa, wanda a nan ake kira Galvalume, a kasuwannin gida kuma za ki ji ana cewa Aluzinc. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗaurewa da ƙusa mai murɗawa daga sama, kowace da 'yar robarta, kuma robar nan ita ce ke fara mutuwa a rana bayan shekaru, ruwa ya sami hanya. Akwai kuma mai tsadar, wanda ake naɗe bakin falle da bakin falle, ƙusoshin duk suna ɓoye a ƙasa, babu huda ko ɗaya da ke kallon sama. A kan wannan na biyun na ƙwallafa rai.

Yankinmu yankin ƙanƙara ne. Tsakanin Maris da Yuni kusan kowace shekara sai ta sauka a wani ɓangare na garin, wani lokaci kamar gurjiya, wani lokaci kamar ƙwan kaza ko fiye. Tamu ta zo ne da yamma, ba ta fi minti 15 ba. Da ta wuce, rufin daga ƙasa lafiya lau kike ganinsa. Sai da na duba bakin indararo na ga tsakuwar rufin ta taru kamar an juye buhun yashi. Haka ƙanƙara ke kashe shingil: ba sai ta huda shi ba, ta daki wuri ta kankare tsakuwar, ta bar kwalta tsirara a rana, bayan wani lokaci wurin ya tsage. Rufin namu dama ya kai shekara 17.

Washegari ƙofarmu ba ta huta ba. Masu rufi ne ke ta ƙwanƙwasawa, wasu da lambar motar wata jiha, kowa da katinsa da daɗin bakinsa. Ga masu zama a wannan jiha, ku sani cewa Teksas ba ta wajabta wa mai aikin rufi mallakar lasisin jiha ba, kowa zai iya sayen tsani ya ce shi gwani ne. Sannan akwai wanda zai ce miki zai yafe miki kason da inshora ta ce ki fara biya daga aljihunki. Ki rufe ƙofarki. Tun 2019 dokar jihar ta haramta wannan, kuma duk wanda ya yafe miki dubban daloli, a jikin aikin zai fanshe. Mu dai mun jira ƙura ta lafa, muka tambayi maƙwabta waɗanda suka daɗe a unguwar, muka kira kamfani uku da ke da ofis a garin.

A nan ba da bandir ake lissafin rufi ba, da murabba'i ne, kowane ɗaya ƙafa 10 ne tsawo da ƙafa 10 faɗi. Namu ya kama 28. Farashin da aka ba mu na shingil mai kyau ya tsaya wajen dala 15,000. Na ƙarfe mai ɓoyayyar ƙusa kuwa dala 36,000. Inshora, wadda dole ce a kan duk mai bashin gida, irin abin da ya lalace kawai take biya, bayan ta cire kason mai gida, wanda a yankinmu yakan kama kashi 1 ko 2 cikin 100 na darajar gidan. Ma'ana idan ƙarfe muke so, bambancin dala 21,000 daga aljihunmu zai fito, ƙari a kan wancan kason.

Na zauna da biro da takarda na yi lissafin da duk wata mace mai riƙe da cefane za ta yi. Shingil mai arahar yana yin shekara 15 zuwa 20. Mai kaurin ana cewa 25 zuwa 30, amma a wuri mai zafin rana da ƙanƙara irin namu ba kasafai yake kaiwa ba. Ƙarfe yana yin 40 zuwa 70. Idan kika raba kuɗin da shekarun, sai ki ga mai tsadar shi ne mai arahar. Kafin rufin ƙarfe ɗaya ya mutu, an binne na kwalta biyu ko uku. Binnewa kuwa nake nufi, domin galibin tsohon shingil juji ake kai shi, miliyoyin tan a kowace shekara, shi kuwa ƙarfe narkar da shi ake a sake wani abu. Hausawa suka ce araha ba ta ado, a takarda dai maganarsu ta fito fes.

Tsoron da na taho da shi daga gida ma ɗaya bayan ɗaya ya kau. Ƙara ce ta farko. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa da ke bayan unguwarmu tana da rufin ƙarfe, ta ce na zo ranar da ake ruwa na ji da kunnena. Na je. Ba a jin komai sai wani ɗan shuu daga nesa. Dalili kuwa shi ne a ƙarƙashin ƙarfen akwai falanki, akwai sarari, akwai abin tare zafi mai kama da auduga da aka shimfiɗa da kauri, sannan silin. Kwanon da ke hana mu barci a gida ba laifinsa ba ne shi kaɗai, don babu komai tsakaninsa da kanmu ne sai iska, ya zama ganga. Sai batun tsawa. Ƙarfe ba ya kiran aradu, tsayin gini da inda yake su ne abin dubawa, kuma ko ta faɗo, ƙarfe ba ya kamawa da wuta. Zafi kuma, a nan ma kwalta ce ke baya. Baƙin shingil shan rana yake yi ya riƙe, a watan Yuli ba za ki iya ɗora tafin hannu a kansa ba, har bayan magariba yana huci. Ƙarfe mai farin launi ko mai haske yana mayar da kaso mai yawa na hasken, kuma da rana ta faɗi yake hucewa. A garin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana wata huɗu ko biyar, wannan kuɗin wuta ne kai tsaye.

Da wannan takardar na sami maigida bayan yara sun kwanta. Ya karanta har ƙarshe, bai musa ko layi ɗaya ba. Sai ya ajiye ya ce, "Duk na ji. Amma shekara nawa za mu ƙara a ƙasar nan da za mu sayi rufin shekara 50?"

Na ce, "Yallaɓai, haka ka ce lokacin da za mu sayi firji."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, ni ma haka. Duk wadda ke zaune a ƙasar waje ta san wannan magana. Mun zo ne da niyyar shekara 4, ya gama karatu mu koma. Ga shi babbar 'yarmu, wadda na zo da goyonta, tana shirin shiga jami'a. Autanmu Hausarsa sai a hankali, idan ya ce "gida" nan yake nufi, idan mu muka ce "gida" can muke nufi. Kullum akwatinmu a zuciya a ɗaure yake, ba mu tafi ba, ba mu kuma yarda mun zauna ba. Sayen rufin shekara 50 tamkar sa hannu ne a kan cewa mun zauna, shi kuwa bai shirya sa wannan hannun ba, mahaifiyarsa na can tana ƙirga masa shekaru. Ni kuma da nake ganin yadda yaran suka yi saiwa, na san ko mun tafi gidan nan ba zai rasa mai kwana a cikinsa daga jininmu ba. Daren nan mun daɗe muna magana, rabinta ba ta rufi ba ce. Ba mu warware ta ba, kuma ban ga alamar za a warware ta a kan takardar kafinta ba.

Ba mu kaɗai ba ne wannan tambayar ke yanke wa hukunci. Su kansu 'yan ƙasar ba su cika daɗewa a gida ɗaya ba, shekara 10 da 'yan kai sun sayar sun yi gaba, aiki ya kai su wata jiha ko yara sun watse gidan ya yi musu girma. Wanda ya san zai tashi ba zai biya wa baƙo rufin shekara 50 ba, domin mai saye ba zai mayar masa da duk kuɗin ba. Wannan na cikin abin da ya sa kwalta ta mamaye ƙasar, ba wai don ta fi ba.

Abubuwa biyu ne suka fara sanyaya mini gwiwa, kuma duka biyun ba su cikin lissafina na shekaru. Na farko ƙungiyar masu gidajen unguwa. A irin unguwarmu ba ki da ikon sauya kamannin gidanki ta waje sai da amincewarsu, daga launin fenti har tsayin shinge, kuma ƙa'idarsu ta rufi an rubuta ta ne da shingil a zuciya. Neman izinin ƙarfe zai ɗauki watanni, ga rufi a fashe, ga damina. Na biyu ya fi wannan nauyi. Da na kira mai inshorarmu na tambaye ta, sai ta ce lallai za su rage mana kuɗin shekara idan muka sa ƙarfe, amma da sharaɗin mu sa hannu cewa ba za su biya lotsawar da ƙanƙara ta yi ba matuƙar bai huje ba. Ƙarfe kuwa da wuya ƙanƙara ta huda shi, amma tana lotsa shi. Ki duba, ki kashe dala 36,000, shekara biyu ƙanƙara ta mayar da shi kamar tsohuwar tukunyar da yara suka yi ganga da ita, ba ya yoyo, ba mai biya, haka za ki ci gaba da kallonsa shekara 40.

Amma abin da ya yanke magana shi ne wata takarda daban da ke kan teburin, ta kuɗin jami'a. Dala 21,000 ta kusa kuɗin karatun shekara biyu a jami'ar gwamnati ga 'yar jiha. Ko dai mu sa kuɗin a saman gida, yarinya ta fara rayuwa da bashin karatu a wuyanta, ko mu sa su a kanta, mu sake fuskantar rufi nan da shekara 20. Da na ajiye takardun biyu gefe da gefe, ban daɗe ina tunani ba. Na ce masa a sa kwalta, amma ya sani ba don dalilinsa ba ne, don nawa ne. Ya ce ya ji, shi dai an zo inda yake so.

Sai dai ban yarda da ta ƙasa-ƙasa ba. Akwai shingil da ake ƙara wa kwaltarsa sinadarin roba don ya jure duka, wanda ake kira mai daraja ta 4. Gwajin da ake masa shi ne a sako ƙwallon ƙarfe mai faɗin inci 2 daga tsayin ƙafa 20 a kansa, sau biyu a wuri ɗaya, bai tsage ba. Ya fi na yau da kullum tsada kaɗan, kuma kamfanonin inshora da yawa a jihar suna rage kuɗi a kansa. Shi muka ɗauka, mai launin toka mai haske maimakon baƙi. Na kuma tsaya a kan a yaye tsohon gaba ɗaya a duba falankin ƙasa, domin akwai masu ɗora sabo a kan tsoho don rage aiki, duk ruɓar da ke ƙasa a rufe ta. An sami falanki biyar da suka jiƙe, aka sauya. Aka ƙara kafofin shan iska a tsororuwar rufin don zafin da ke taruwa a saman silin ya sami hanyar fita. Kwana biyu suka yi. Ga mai ƙananan yara, ki tabbata sun bi tsakar gida da maganaɗisu kafin su tafi, domin dubban ƙusoshi ne ke zubowa daga tsohon rufi. Ko bayan sun bi, sai da na tsinci cike da gwangwanin madara a cikin ciyawa.

Yanzu mu koma Kano, inda na san yawancinku a nan zancen ya fi shafa. Yayana ne ke tsaye a kan ginin. Da ya ji mun sa kwalta a nan, sai ya kira ya ce ai ya ga irinsa a wasu sababbin gidaje a Abuja, ko a nemo mana, gidan ya yi kama da na 'yan Amurka? Na ce Yaya, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Ga dalilina. Shingil ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an shimfiɗe saman gida kaf da falanki mai kyau, ki ƙiyasta kuɗin wannan a gida, ki kuma tuna da gara. Yana buƙatar rufi mai gangara sosai don ruwa ya sauka da gudu, alhali yawancin gine-ginenmu na arewa rufinsu a kwance yake, an ɓoye shi a bayan gini. Rana ita ce babbar abokiyar gabar kwalta, ko a Amurka rufin jihohin kudu ya fi na arewa saurin tsufa, balle ranar Afrilu ta Kano da ke haura digiri 40. Sannan wa zai buga, wa zai gyara? Kafintan unguwarku ya gaji kwano tun daga ubangidansa, ido rufe zai gano inda yake yoyo. Ki ba shi shingil, a kan gidanki zai koyi aiki. Idan falle goma suka tashi bayan shekara 6, a ina za ki sami irin launinsu? Duk abin da ya sa kwalta ta yi araha a Amurka, wato masana'anta a kusa da ma'aikata a ko'ina da inshorar da ke biya, babu ko ɗaya a wurinmu. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Akwai kuma ruwan sama, wanda su a nan ba ya cikin lissafinsu, mu kuwa yana ciki. Wace uwa ce ba ta tara randa da duro a bakin indararo? Ruwan da ya bi ta kan kwalta yana tahowa da tsakuwa da ɗan wari da launi, ba a son sa don sha ko girki. Wanda ya bi ta kan alminiyam ko kwano mai kyau, idan kika bar na farko ya wanke ƙurar rani ya zube, na bayansa tas yake. A unguwar da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, rufin da ke ba ki ruwan wanki da wanka wata huɗu kyauta yana biyan wani ɓangare na kuɗinsa.

Wani abu da ya kamata ki sani kafin a rikita ki a kasuwa: abin da masu sayar da kayan gini a gida suke kira shingil, galibi ba kwalta ba ne. Kwanon ƙarfe ne da aka manna wa tsakuwa a sama, wanda mutane suka fi sani da Gerard, sunan wani kamfani da ya yi fice da shi. A ƙasar Niyu Zilan aka fara yin irinsa a shekarun 1950. Yana zuwa da zane iri-iri, ɗaya daga ciki shi ne mai kama da rufin Amurka, shi ya sa sunan ya bi shi. Idan kamannin ne ya burge ki, wannan zai ba ki shi tare da ƙarfin ƙarfe, kuma tsakuwar tana rage ƙarar ruwa. Amma jabunsa ya yi yawa. Ki sa a kawo miki falle ɗaya, ki goga shi da ƙarfi da tafin hannu ko bakin makulli. Idan tsakuwa na zubowa kamar gero, damina biyu zai yi ya zama dabbare-dabbare.

Mu dai dogon alminiyam muka zaɓa, irin wanda ake yankowa daidai tsawon ɗaki babu gami a tsakiya, domin a wurin gami da wurin ƙusa ruwa ke shiga. A nan rigimar duk a kan kauri take. Za ki ji ana cewa 0.45, 0.55, 0.7, wato kaurinsa a milimita. Da ido ba za ki bambance 0.45 da 0.55 ba, amma iska tana bambancewa, aljihu ma haka, kuma ba sabon abu ba ne a karɓi kuɗin wannan a kawo wancan. Akwai ɗan ma'aunin kauri da ake matsa bakin fallen da shi, ba shi da tsada. Na ce wa Yaya kada a sauke kaya daga mota sai an auna a gabansa, ba falle na sama kaɗai ba, a zaro daga tsakiya. Ya ce na cika fitina. Na ce na gode.

Na kuma matsa a kan abin da ba a gani daga titi. Duk farkon damina muna jin labarin iska ta yaye rufin gidaje da makarantu, kuma idan kika duba hotunan za ki ga sau da yawa ba kwanon ne ya rabu da katako ba, katakon ne gaba ɗaya ya tashi daga kan gini da kwanonsa, kamar an cire hula. Don haka a ɗaure katakon da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin kankaren da ya zagaye saman ginin, kada a dogara da ƙusa da nauyin bulo. A jiƙa katakon da maganin gara kafin a hau da shi, ba a shafa masa baƙin mai a fuska don idon mai gida ba. Launi kuma na ce mai haske. Na san baƙi da ruwan toka mai duhu su ake yayi yanzu, suna da kyau a hoto, amma ke ce za ki kwana a ƙarƙashinsu a watan azumin da ya faɗo a bazara, ga ba wuta. A ɗaga rufin ya ba da sarari tsakaninsa da silin, a bar kafofin iska a gefe biyu a sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye. Wannan sararin da iskar da ke ratsa shi su ne bambancin ɗakin da ake barci da wanda ake gasuwa. Kakanninmu da suka yi soro da azara da yaɓe mai kauri sun san haka, ɗakin kakata a cikin birni ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi kamar randa, sai dai duk shekara sai an hau an yi masa gyara kafin ruwa.

An gama buga na Kanon kafin ruwan farko, 0.55, launin ƙasa mai haske. An haɗa indararonsa da bututu zuwa inda za a ajiye tankuna biyu. Silin da abin tare zafin ne suka rage, su kuma sai mun ga abin da ya saura bayan an biya kuɗin zangon farko na yarinya a watan Agusta.